Yadda za ka hana injin ƙaramar motar da ka ƙera yin zafi a Legas

Ɗora injin babur ko na janareto a kan firam ɗin da ka yi wa walda da hannunka, ka sa tayoyi da sitiyari da kujera, duk wannan rabin aiki ne. Sauran rabin yana fitowa ne bayan minti 20 da tayar da motar, lokacin da ƙarfinta ya fara raguwa, warin ƙonannen baƙin mai ya tashi, injin ya soma ƙara kamar ana kaɗa ƙusoshi a ciki. Tun da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi 6 a watan Yunin 2022, ta kuma ƙara wasu 4 a watan Satumba, babura da yawa sun zama ba su da aikin yi, kuma wasu masu basira suna juya injinansu zuwa 'yan motocin ɗaukar kaya a cikin kasuwa ko gareji. Mafi yawan waɗannan motoci cutarsu ɗaya ce, obahitin, wato zafin inji ya wuce kima.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A cikin fetur ɗin da ƙaramin inji ya sha, abin da ke komawa ƙarfin juya taya bai wuce kashi 1 cikin 4 ba. Sauran duk zafi ne, wani ya fita ta salansa, wani kuma ya zauna a jikin inji yana jiran abin da zai kwashe shi. A kan babur, injin tsirara yake, iskar gudu tana dukansa ta kowane gefe. Kai kuma ka sa shi a cikin akwatin kwano, ka ninka masa nauyin da yake ja, ka rage masa gudu, sannan ka ce ya yi aiki a garin da zafinsa ke kai digiri 33 ko fiye a watan Fabrairu da Maris. Laimar iskar Legas da ke sa mutum gumi ba ta dami inji ba, don shi ba da zufa yake hucewa ba. Abin da ya dame shi tsayawa wuri ɗaya ne, da taɓon damina, da gishirin iskar teku mai cin ƙarfe.

Yawancin mutane da sun ga zafi sai su ruga neman babbar fanka. Fanka tana da ranarta, amma ita ce kusan ta ƙarshe a jeri. Bi matakan nan yadda suka zo.

Mataki na 1: San irin injin da ke hannunka

Iri uku ne ake samu a irin wannan aiki, kuma maganin kowanne daban.

Na farko injin babur, irin na Bajaj Boxer ko Jincheng ko Haojue. Ba shi da fanka ko kaɗan. Haƙarƙarin alminiyon da ke kewaye da silinda da tof ɗinsa, wato kan silindar inda fulogi yake, sun dogara ne kacokan ga iskar gudu. Shi ne ya fi wahala idan an rufe shi.

Na biyu injin da ke da fankarsa a jiki: injin janareto ko na famfon ruwa ko na niƙa, irin Honda GX160 da GX200 da kwaikwayonsu na Caina da ake rubuta wa 168F, har da injin keke Napep na Bajaj RE ko TVS King. Waɗannan fankarsu tana juyawa tare da inji, kuma akwai murfi da ke tilasta wa iskar bi ta cikin haƙarƙari. Idan kana da zaɓi tun farko, wannan ne ya fi dacewa da motar da ba za ta yi gudu sosai ba.

Na uku mai sanyaya da ruwa, wanda ke da lagireto, irin na wasu kekunan ɗaukar kaya masu inji 200cc ko 250cc, ko injin ƙaramar mota tokumbo da aka sayo a Ladipo. Maganarsa tana can ƙasa.

Mataki na 2: Auna kafin ka taɓa komai

Tafin hannu ba ma'auni ba ne. Lafiyayyen injin iska ma ya fi ƙarfin a taɓa shi, don haka "ya yi zafi" ba ta gaya maka komai. Nemi ma'aunin zafi mai kama da bindiga, wanda ake haska abu da shi daga nesa, a Alaba ko Computer Village a Ikeja. Ka kula: irin wanda aka riƙa auna goshin mutane da shi a ƙofar banki a 2020 ba zai yi ba, iyakarsa digiri 43 ko kusa da haka. Na masana'antu kake so, mai kai digiri 400 zuwa sama. Idan kana da mitar lantarki mai zuwa da wayar auna zafi, ita ma ta yi, har ta fi daidai, domin za ka iya maƙale bakin wayar a gindin fulogi ka bar ta a can motar na tafiya.

Alminiyo mai sheƙi yana ruɗa ma'aunin bindiga, sai ya nuna ƙasa da gaskiya. Ɗiga baƙin fenti mai jure zafi a wurare biyu, ɗaya dab da fulogi, ɗaya a ƙasan inji inda baƙin mai yake taruwa, kullum a nan za ka riƙa haskawa. Ga iyakar da ya kamata ka riƙe: a gindin fulogi, ƙasa da digiri 200 babu damuwa, daga 200 zuwa 230 ka buɗe ido, ya haura 230, kashe inji. Baƙin mai kuma yana jin daɗin aiki tsakanin 80 da 110, idan ya wuce 130 ya tsinke, ba ya riƙe ƙarfe da ƙarfe. Rubuta abin da ka gani a littafi: bayan minti 10 a silo (inji na aiki, mota a tsaye), bayan minti 15 na tafiya da kaya, da kuma minti 2 bayan ka tsaya. Duk gyaran da ka yi nan gaba, da waɗannan lambobi za ka gane ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Mataki na 3: Rage zafin da injin ke haifarwa

Kwance fulogi ka dubi bakinsa. Ruwan ƙasa mai haske, lafiya lau. Baƙi mai kunkunniya, fetur ya yi yawa, ɓarna ce amma ba ta ƙona inji. Fari fat, ko mai ɗan ƙuraje a jikin tangaran ɗin, to iska ta fi fetur yawa, kuma wannan shi ne ke huda fistin. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, mutane da yawa suna matse kafireto don inji ya rage sha. Abin da aka tara a fetur ana biyansa a fistin da ringi. Mayar da jet ɗin asali, wato ɗan ƙarfen nan mai rami da ke auna fetur a cikin kafireto, wanke kafireto, sannan ka duba robar da ta haɗa shi da inji: inji na silo, fesa ɗan ruwan sabulu a mahaɗar, idan sautin ya canza to tana shan iska ta ɓarauniyar hanya. Wanda kuma ya cire matatar iska don "inji ya numfasa", ya mayar da ita. Rashinta yana sa fetur ya yi ƙaranci, ga ƙura da ke shiga tana cinye silinda.

Duba tazarar bawul inji na sanyi. A GX160 da GX200, milimita 0.15 ce ga bawul ɗin shiga, 0.20 ga na fita. Na babur kowanne da tasa, ka nemi ta injinka. Bawul ɗin fita idan ya matse ba ya zama sosai a mazauninsa, kuma ta wannan zaman ne yake sauke zafinsa, sai ya ƙone.

Baƙin mai a injin iska ba santsi kaɗai yake bayarwa ba, yana kwasar zafi daga ƙarƙashin fistin ya kai shi jikin inji. GX200 lita 0.6 kacal yake ɗauka, saboda haka raguwar rabin kofi ma babbar magana ce. Masu haɗa mota da irin wannan inji sukan tsinke wayar nan da ke kashe shi idan mai ya yi ƙasa, domin tana kashe shi a kan gargada. Idan ka yi haka, duba mai ya zama farillarka kullum kafin ka ja igiya. Kamfanin Honda ya ce a canza bayan awa 20 na farko, sannan duk awa 100. A irin wahalar da za ka ba shi, ni dai awa 50 nake ba da shawara. Injin babur kuma kulocinsa a cikin mai yake wanka, don haka ka zuba na babur, mai alamar JASO MA, ba na mota ba. Man da ake aunawa a kwalba a bakin titi, wanda ba ka san asalinsa ba, ka bar shi inda ka gan shi.

Ɗaga motar ka juya kowace taya da hannu. Burkin da ke kamawa, sarƙar da aka ɗaure tamau, taya mai ƙarancin iska, tayoyin gaba da ba su kalli wuri ɗaya ba, duk kaya ne da injin ke ɗauka a banza.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar, wato lissafin giya. Mai haɗa mota yana son gudu, sai ya sa ƙaramin faifan haƙora a sandar tayoyin baya. Injin sai ya kasa hawa juyinsa, yana nishi a ƙasa-ƙasa totur a buɗe. A injin da fankarsa ke jikinsa wannan mugun haɗi ne: wuta mai yawa a ciki, iska kaɗan a waje, tunda fankar da juyin inji take tafiya. Mu ɗauki tayar keke Napep, 4.00-8, wadda zagayenta ya kai kusan mita 1.28. GX200 yana juyi 3,600 a minti idan ya cika. In ka haɗa shi yadda inji zai juya sau 6 taya ta juya sau 1, gudunka na ƙarshe kusan kilomita 46 ne a awa. Da daɗin ji. Amma kulocin da ke kama kansa da kansa, wanda aka fi sa wa irin waɗannan injina, ba ya kamawa sosai sai juyi ya kai wajen 2,000, kuma a wannan haɗi hakan yana nufin kilomita 25 a awa. Duk tafiyar da ka yi ƙasa da haka kulocin zamewa yake, yana gasa kansa yana gasa gefen inji. A cikin kasuwar Mile 12 ko layukan Agege, yaushe za ka kai 25? Mayar da haɗin 10 da 1: gudun ƙarshe ya sauko wajen 28, kuloci ya kama tun a 15, inji ya sami juyi, fanka ta sami iska. Idan faifai ɗaya ba zai ba ka wannan ba sai ya yi girman da zai taɓa ƙasa, sa sandar tsakiya mai faifai biyu, ka rage sau biyu. Wanda injinsa na babur ne mai giya, dokar ɗaya ce: ƙara girman faifan baya har sai motar ta iya tashi da kaya a giya ta 1 ba tare da an daɗe ana riƙe kuloci ba.

Gwamnan inji kuwa, wato abin da ke hana shi wuce 3,600, kada ka cire. Fulawil ɗin, wato faifai mai nauyi da ke juyawa tare da inji, ƙarfen zubi ne, ba a yi shi don wuce haka da yawa ba, in ya tarwatse kuma a bayan kujerarka yake.

Mataki na 4: Wanke haƙarƙari, mayar da murfi

Taɓon damina da ya haɗu da yoyon mai yana toshe tsakanin haƙarƙari ya bushe ya yi tauri. Inji na sanyi, jiƙa da kananzir, goge da buroshi, zaƙulo na lungu da waya, wanke da ruwa. Toshe inda man ke yoyo, in ba haka ba aikin baban giwa ka yi. Kada ka shafa wa haƙarƙari fentin mota mai kauri don kyau.

Idan injinka mai fanka ne, duk wani kwano da ya zo da shi sai ya koma wurinsa, har da ɗan ƙaramin nan da ke zagaye bayan silinda, wanda ake yawan yarwa bayan an kwance inji. Cire murfin fanka "don ya sha iska" shi ne mafi saurin hanyar kashe irin wannan inji, domin fankar sai ta riƙa watsa iska ko'ina ban da inda ake buƙata. Ƙirga fukafukan fankar ma, na roba ne a yawancinsu, suna karyewa.

Mataki na 5: Yi wa iska hanyar shiga da ta fita

Akwatin inji kamar ɗakin girki ne: ko ƙofa a wangale take, in babu tagar da hayaƙi zai fita, mai girki ce za ta sha wuya. Iska ba ta shiga wurin da ba ta da mafita, kuma wannan ne kuskuren da na fi gani.

A wani gareji a bayan Agege na ga wata 'yar mota da wani matashi ya haɗa da injin 168F a bayan kujera. Aiki mai tsabta, walda a miƙe, har da fitilu. Ya huda ramuka a murfin baya, ya kuma sa fankar mota tana hura ciki, amma injin na mutuwa duk bayan ɗan lokaci. Maigidan garejin, dattijo mai gyaran keke, bai ce komai ba sai da ya kunna maganin sauro na igiya ya riƙe shi kusa da bangon akwatin. Hayaƙin ya shiga ta wajen igiyar tayarwa, ya bi ta silinda, ya bugi bangon ɗaya gefen, ya lanƙwaso ta sama ya koma inda ya fito. "Ka gani, yaro? Numfashinsa yake sake shaƙa." Matashin ya ce, "To Baba, in ƙara fanka ne?" Dattijon ya miƙa masa kwali da almakashi.

Ga yadda ake yi. Da farko gano inda iskar ke shiga da inda take fita. A injin janareto, ta ragar igiyar tayarwa take shiga, ta fito ta gefen tof da salansa. Buɗe wa wannan raga taga a jikin bodi, daidai saitinta, wadda faɗinta bai gaza na ragar ba. Sannan ka yi ɗan bututu ko kwala daga tagar zuwa bakin ragar, yadda fankar ba za ta iya jan komai ba sai iskar waje. Tsakanin kwalar da inji ka sa roba, tsohuwar tub ta taya ta isa, domin inji na girgiza, kwano da kwano in suka haɗu tsagewa za su yi.

Na biyu, raba akwatin gida biyu da bangon kwano: ɓangaren sanyi inda kafireto da matatar iska da tankin fetur suke, da ɓangaren zafi inda silinda da salansa suke. Yanka shi da kwali tukuna, gwada, gyara, sai ka kai wa mai kwano ya fitar maka. Falankin alminiyo ko kwanon rufi duk sun yi, kuma a Owode Onirin ba za ka rasa guntaye masu araha ba.

Na uku, mafita. Iska mai zafi tana kumbura, saboda haka tagar fita ta fi ta shiga girma, kamar da rabi. Wurinta baya ne ko sama, ko ƙasa ta baya inda iskar gudu ke ja. Kada ta fuskanci gaba, iskar tafiya za ta danne ta. Kada kuma ta zauna kusa da tagar shiga. Idan za ka yi ta a sama, lanƙwasa mata baki irin na luba saboda ruwan Yuni da Yuli, kuma wani ɓangarenta ya zama a can ƙololuwar akwatin, domin bayan an kashe inji fanka ta tsaya, zafin da ya rage sama yake tashi.

Raga a bakin taga dole ce saboda ledoji, amma mai manyan idanu, wadda ɗan yatsa zai kusa shiga. Ragar sauro tana toshewa da ƙura cikin 'yan kwanaki. Ledar ruwa guda ɗaya da ta manne a bakin fanka ta isa ta ƙona inji, kuma a titin Legas ba a rasa ta.

Injin babur da ba shi da fanka, mafi sauƙin magani shi ne ka bar shi a buɗe: rufi a sama saboda ruwa, gefe da gefe raga kawai. Idan a baya yake, kujera da bodi sun tare masa iska, to ka yi masa mazurari daga gefen motar ko daga ƙasa wanda zai kamo iska ya zuba ta kai tsaye a kan tof, musamman wajen bawul ɗin fita, inda salansa ta fito, don nan ne ya fi ko'ina zafi. Bakin mazurarin ya matso, tazarar yatsa biyu ko uku. In ya yi nisa, iskar za ta kewaye injin ta wuce abinta, ba ta son matsatsi. Amma mazurari sai ana gudu yake aiki. A tsaye ko a tafiyar hawainiya, sai fanka.

Mataki na 6: Fanka, da wutar da za ta ci

Kafin ka saya, yi lissafi. Fankar lagireton mota tana jan amfiya 7 zuwa 10 ko fiye, a bolt 12 kusan wat 100 ke nan. Kwayil ɗin da ke samar da wuta a ƙaramin babur, duk abin da yake bayarwa bai fi haka da yawa ba, ga fitila ga cajin batir. Batirin babur mai amfiya-awa 5 ko 7 ba zai yi awa guda yana ciyar da irin wannan fanka ba. Injin janareto na igiya kuwa sau da yawa ba shi da kwayil ɗin caji sam. Fankar kwamfuta ba ta cin wuta, amma ba ta da ƙarfin tura iska ta tsakanin haƙarƙari, robarta kuma ba ta jure zafin tof.

Abin da ya fi dacewa shi ne ƙaramar fankar lagireton babban babur, mai jan amfiya 2 zuwa 3. Ka nema a wajen masu kayan babur tokumbo. Ko kuma ka bar lantarki gaba ɗaya, ka juya fanka da bel daga sandar inji, in akwai inda za ka ɗaura fuli. Kowacce ka zaɓa, sai ka yi mata murfi daga bakinta har ya rungumi silinda da tof, a buɗe ta baya. Fankar da aka rataye a fili tana kallon inji daga nesa, rabin iskarta a banza take tafiya. Ta hura iskar waje a kan inji, kada ta zuƙo mai zafi ta cikin kanta. Waya mai kauri, fiyus kusa da batir, da rile, wato makunnin da ke ɗaukar wuta mai yawa, in fankar babba ce. Ka haɗa ta yadda za ta iya ci gaba da juyawa minti 2 ko 3 bayan ka kashe inji.

Mataki na 7: Salansa da fetur

Fitar da salansa daga akwatin ta hanya mafi gajarta, ba lanƙwasa mai kaifi, kuma bututun kada ya fi na asali ƙanƙanta. Inda ta wuce kusa da silinda ko tanki ko bayan kujera, sa garkuwar kwano da tazarar yatsa a tsakani. Iskar da ke tsakanin ce ke tare zafin. Tiyon fetur ya bi ta ɓangaren sanyi. Injin da ke mutuwa in ya yi zafi, ya ƙi tashi sai ya huce, sau da yawa fetur ne ke tafasa a kafireto ko tiyo. Bakin salansa ya wuce ƙarshen bodi ta baya, domin hayaƙinta yana ɗauke da iskar da ba ta da wari kuma tana kisa, irin wadda ke hallaka masu kwana da janareto a ɗaki.

Ƙaramin lagireton sanyaya baƙin mai yana taimakon injin babur, tunda yana da famfon mai, amma sai makanikin da ya san inda zai ɗauko layin. GX da 'yan uwansa watsa mai suke yi da cokali, ba famfo, don haka ba abin da zai tura man cikin lagireton.

Idan injinka na ruwa ne

Dokar iska ba ta canza ba: lagireto ya sami iskar waje, a toshe gefunansa da roba ko soso don iskar ta bi ta cikinsa, a bar mata mafita a baya, fanka kuma ta zauna a bayansa cikin murfinta tana zuƙowa. Bakin zuba ruwa shi ne ya zama wuri mafi tsawo a duk layin, in ba haka ba iska za ta maƙale a tof. Ruwan zafi daga tof ya shiga ta saman lagireto, na ƙasa ya koma famfo. Idan inji na baya lagireto na gaba, yi amfani da bututun ƙarfe ko alminiyo, tiyon mota a mahaɗa kawai. Tiyon ban ruwa da bututun roba na famfon gida ba sa jure wannan zafi.

Legas a bakin teku take, ruwa na tafasa a digiri 100 cif. Murfin lagireto mai lamba 0.9 ko 1.1 yana riƙe matsi ya ɗaga wannan zuwa wajen 120, saboda haka murfin da robarsa ta mutu kaɗai ya isa ya sa mota amai. Sa robar tara ruwa a bakin tiyon ambaliya. Ruwan rijiya da na burtsatse, balle na wajen Ajah da Lekki mai gishiri da tsatsa, yana toshe lagireto yana cin alminiyo. Zuba tataccen ruwan da ake ƙara wa batir, ba asid ɗin ba, ko wanda ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki, ka haɗa da kulan, wato ruwan lagireto mai launi da ake sayarwa, saboda maganin tsatsar da ke cikinsa. Kulan guba ne mai zaƙi, a ɓoye shi daga yara da dabbobi.

Makanikai da yawa a nan da sun ga obahitin sai su cire tamostat, wato ɗan bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya idan inji ya yi zafi, su haɗa fanka kai tsaye. Ban goyi bayan haka ba. In lagireto ya toshe ko ya yi ƙanƙanta, cire tamostat ba zai buɗe shi ba, jinkirta tafasar kawai zai yi, sannan inji ya riƙa aiki a sanyaye da safe yana shan mai. Jefa shi a tukunyar ruwa a kan wuta: lambar da aka buga a jikinsa, sau da yawa 82, ita ce inda zai fara buɗewa. Ya buɗe, mayar da shi. Ya ƙi, sayi wani. Kumfa da ke tasowa ba tsayawa a bakin lagireto, ko baƙin mai da ya koma kalar madara, gasket ɗin tof ne ya ƙone, babu fankar da za ta gyara wannan. Murfin lagireto kuma ba a buɗe shi inji na zafi.

Mataki na ƙarshe: Gwaji

Yi shi da rana tsaka, tsakanin azahar da la'asar, a fili ko cikin gareji, ba a kan babban titi ba. Motar da ba ta da rajista da takardun duba lafiyarta, jami'an VIO da na LASTMA ba za su saurari labarin basirarka ba. Ɗora mata nauyin da za ta riƙa ɗauka da gaske, buhunan yashi ko jarkokin ruwa. Minti 15 na tafiya, sannan minti 15 na kwaikwayon gosulo: matsa taku goma, tsaya, sake matsawa. Auna a ɗigon fentin nan biyu duk minti 5. Abin da kake nema shi ne lambar ta hau ta tsaya a wuri ɗaya. In tana ta hawa ba tsayawa, ko da a hankali ne, da sauran aiki, sai ka koma kan hayaƙin maganin sauro ka ga inda iskar ke ɓacewa. Gyara ɗaya a lokaci ɗaya, ka sake aunawa.

In zafi ya kama ka a hanya, sauke kaya ko ka tsaya. Mai fanka a jiki, bar shi a silo minti 2 kafin ka kashe; injin babur marar fanka, kashe shi nan take ka buɗe murfi. Kada ka fasa masa ledar ruwa a ka yadda ake yi a bakin titi: alminiyo mai zafi da ya sha ruwan sanyi farat ɗaya yana iya lanƙwashewa ko ya tsage. Bayan awa 5 na farko, sake ɗaure duk notocin kwanukan da ka ƙara, ka duba robobin ko sun narke, ka kwance fulogi ka ga kalarsa. Da damina kuma, duk ranar da motar ta shiga ruwa ko taɓo, a wanke haƙarƙari da raga kafin su bushe.